Fiya-fiya, tiramol da farfaɗiya: duk a wuri ɗaya suke haɗuwa

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mai farin jini, mu yi wa jama'a bayanin wani abu da ke ƙarƙashin labarai uku da ba sa yankewa a shafukan jaridu: matashin da ya yanke jiki ya faɗi yana jijjiga bayan ya haɗiyi tiramol, yarinyar da aka garzaya da ita asibiti ta sha fiya-fiya, da mai farfaɗiyar da ya faɗa wuta ko rijiya. Akan kawo su kamar ba abin da ya haɗa su. Na farko a sa shi a babin lalacewar tarbiyya, na biyu a kira shi tsautsayi, na uku a ɗora wa iska. Alhali dukkansu a wuri ɗaya suke aukuwa, wato ɗan siririn giɓin da ke tsakanin jijiya da jijiya, inda wasu sinadarai ke kai saƙo. Abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne, kaso mai yawa na ɓarnar da ke biyo baya daga hannun masu neman taimakawa take fitowa, iyaye da maƙwabta masu kyakkyawar niyya waɗanda ba a taɓa gaya musu abin da ke gudana a cikin jiki ba.

Idan muka ce jijiya a wannan wasiƙa, jijiyar saƙo muke nufi, ba ta jini ba. Ƙwaƙwalwar mutum na ɗauke da irin waɗannan kimanin biliyan 86, kowace tana hulɗa da dubban 'yan uwanta. A cikin jijiya ɗaya saƙo da lantarki yake tafiya, kuma a masu saurin cikinsu yakan ci mita 100 ko fiye a daƙiƙa guda. Sai dai jijiyoyin ba a manne suke da juna ba. Tsakanin bakin wannan da jikin waccan akwai giɓi na nanomita 20 zuwa 40, wato sai ka tsaga silin gashi ɗaya gida kusan 2,000 kafin ka sami faɗinsa. Lantarkin ba ya tsallake shi. Kamar matafiyi ne ya iso bakin kogi, dole sai an yi masa fito.

Ga yadda fiton yake. A bakin jijiya akwai 'yan mitsi-mitsin jakunkuna cike da sinadari. Da lantarkin ya iso, sai wasu ƙofofi su buɗe, sinadarin kalsiyam ya kwararo ciki daga waje. Shigarsa ce ke sa jakunkunan su manne da bangon jijiyar su fashe, su zubar da abin da ke cikinsu a giɓin. Sinadarin nan shi ne ɗan aike. Yana hayewa sai ya tarar da makarɓa a jikin jijiya ta biyu, kowace makarɓa da irin ɗan aiken da take amsa wa, kamar kwaɗo da ɗan makullinsa. Idan ya zauna daidai, ko dai ya zuga jijiyar ta tashi nata lantarkin, ko ya danne ta ta yi shiru. Duk wannan bai fi kashi ɗaya cikin 1,000 na daƙiƙa ba. Saura mataki na ƙarshe, wanda aka fi mantawa da shi kuma yakan kashe mutane idan ya lalace: dole a share giɓin nan take. Ɗan aiken da ya isar da saƙo bai kamata ya tsaya yana ta maimaitawa ba. Wani jijiyar da ta aiko shi ce ke zuƙe shi ta mayar cikin jaka, wani kuma akwai sinadari na musamman da ke jira ya daddatsa shi.

A shekarar 1921 ne Otto Loewi, a garin Graz na ƙasar Ostiriya, ya nuna hakan ƙiri-ƙiri da zuciyar kwaɗi biyu. Ya tsokani jijiyar da ke rage bugun ta farko har ta lafa, sannan ya ɗebi ruwan da take ciki ya zuba wa ta biyu, wadda ba a taɓa jijiyarta ba. Ita ma sai ta lafa. Ke nan wani abu ne jijiyar ta zubar a cikin ruwan. Abin nan shi ne asetilkolin, kuma a kansa Loewi da Henry Dale na Ingila suka sami kyautar Nobel a 1936. Ƙasarmu Nijeriya ma tana da hannu a labarin. Daga waken Kalaba, wanda a da ake ba wanda ake zargi ya ci a matsayin rantsuwa, aka tace sinadarin fisostigmin a 1864, kuma da shi Loewi ya gano cewa akwai mai daddatsa asetilkolin a jiki, domin waken aikin mai daddatsawar yake hanawa.

To, abin da waken Kalaba ke yi na ɗan lokaci, shi fiya-fiya ke yi da ƙarfin tsiya. Sinadarin da ke cikinta, wanda ake rubuta DDVP a jikin kwalba, da danginsa na feshin gona, suna kama mai daddatsa asetilkolin su ɗaure shi. A lafiyayyen jiki ƙwara ɗaya ta wannan mai daddatsawa tana gamawa da dubban 'yan aike a daƙiƙa guda. Idan aka ɗaure ta, asetilkolin ya taru a kowane giɓi yana ta buga ƙofa ba ƙaƙƙautawa. Shi kuwa shi ke umartar yawu da gumi da hawaye su zubo, hanji ya motsa, zuciya ta sassauta, tsoka ta ɗaure. Shi ya sa wanda ya sha za ka gan shi sharkaf da gumi, yawu na dalala, baƙin idonsa ya tsuke kamar tsinin allura, ga amai ga zawo, naman jikinsa na ɓalli-ɓalli a ƙarƙashin fata, ƙirjinsa na ƙugi. Ƙugin nan shi ne abin tsoro. Huhu ne ke cika da ruwan da jikin ya tatso da kansa, a lokaci guda kuma tsokar numfashi tana gajiya.

A nan ne ake tafka kuskuren da muke roƙon jaridarka ta taya mu yaƙa. An saba a danne mutum a ɗura masa manja ko madara, ko a sa masa yatsa a maƙogwaro don ya amayar. Manja ba ya kwance mai daddatsawar da aka ɗaure. Mutumin da hankalinsa ya fara gushewa kuma ba ya iya kare hanyar numfashinsa, sai man ya bi ta huhun da dama ya riga ya cika. Yawancin waɗannan magungunan ƙwari a cikin wani mai dangin kananzir aka narka su, wanda idan aka amayo shi ya faɗa huhu yakan ƙone shi. Garin neman ƙiba a samo rama ke nan. Abin yi a gida kaɗan ne: a cire masa tufafin da maganin ya jiƙa, a wanke fatar da ruwa da sabulu domin gubar na ratsa fata, mai wankewar ya sa leda a hannu, a kwantar da shi a gefensa na hagu kai ya ɗan yi ƙasa yadda yawu zai zubo waje, a nufi asibiti. Kuma a tafi da kwalbar. Ba kowane maganin gona ke aiki ta wannan hanya ba; ƙwayar gas da ake jefawa a buhun hatsi da maganin ciyawa kowanne da tasa ɓarnar daban, kuma maganin wannan ba ya yi wa wancan.

A asibiti makarin shi ne atirofin, wanda ke zama a kan makarɓar asetilkolin ya toshe ta. Ga babba akan fara da miligiram 1 zuwa 3 ta jijiyar jini, a jira minti 5, idan ƙirji bai washe ba a ninka, a sake jira a sake ninkawa, har sai ƙugin ya ɗauke, fata ta bushe, bugun zuciya ya haura 80 a minti. Daga nan a ci gaba da ɗiga masa kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na jimillar abin da aka ba shi a kowace awa. Inda aka fi yin sake shi ne a ba da 'yar kwalba ɗaya ko biyu a tsaya, saboda tsoron yawan, alhali mai guba sosai yakan buƙaci kwalabe da dama a awar farko. Akwai magani na biyu, firalidoksim, mai ɓamɓare gubar daga jikin mai daddatsawar, amma amfaninsa a awoyin farko yake, kafin ɗaurin ya zama na dindindin. Sannan kada a yi gaggawar sallama. Tsakanin kwana 1 zuwa 4 wasu kan sake rikicewa bayan an ga kamar sun farfaɗo: wuya ya kasa ɗaga kai daga matashi, numfashi ya yi rauni. Ma'aikacin jinya da ke sa majiyyaci ya ɗaga kansa sau da yawa a yini yana gwada ƙarfin wuyan, shi ke fara hango wannan.

Zaƙami kishiyar fiya-fiya ne. 'Ya'yansa da ganyensa na ɗauke da atirofin ɗin nan da danginsa, don haka maimakon asetilkolin ya yi yawa, sai a toshe masa ƙofa. Baki ya bushe ƙamas, ido ya buɗe wangame, jiki ya yi zafi ba gumi, fitsari ya ƙi fita, mutum ya riƙa tsintar abin da babu a jikin riga yana magana da waɗanda ba sa nan. Ba banza aka sa masa haukata-yaro ba. Ƙwayar Exol da matasa ke sha ma wannan hanyar take bi. A lokacin zafi haɗarin ya fi yawa, domin jikin da ba ya gumi ba shi da hanyar huce kansa. Sanyaya jiki da ruwa da kai shi inuwa na gaba da komai kafin a isa asibiti.

A cikin ƙwaƙwalwa kanta, 'yan aike biyu ne ke ɗauke da mafi yawan zirga-zirga. Gulutamet shi ne totur, GABA kuma birki. Wani abin sha'awa, daga gulutamet ɗin jiki ke ƙera GABA, kuma ba ya iya wannan juyi sai da bitamin B6. Shi ya sa wanda ya sha isoniyazid na tarin fuka fiye da kima yakan kama jijjigar da ba ta jin magungunan da aka saba, sai an ɗura masa B6 ɗin. Tunda an ambaci gulutamet, bari mu kwantar wa uwargida hankali: wanda ke cikin farin magi ba ya isa ƙwaƙwalwa yadda ake yayatawa. Hanji ne ke cinye mafi yawansa, ƙwaƙwalwa kuma tana da shingen da ke tace abin da ke shigo mata daga jini, nata gulutamet ɗin da kanta take haɗawa.

Farfaɗiya ita ce lokacin da totur ya rinjayi birki a wani yanki, dubban jijiyoyi su tashi lantarki tare a lokaci ɗaya. Dalilan suna da yawa: wahalar haihuwa da ta hana jariri iska, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, buguwar kai a haɗarin babur, gado. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu ita sun kai miliyan 50, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya rayuwa ba faɗuwa idan suna samun magani yadda ya kamata. Yawun mai farfaɗiya ba ya harbin kowa. Wannan camfi shi ke sa a watse a bar mutum kusa da murhu. Wanda ya faɗi, a janye shi daga wuta da ruwa, a sa masa abu mai laushi a ƙarƙashin kai, a juya shi gefe, a duba agogo. Kada a cusa cokali a bakinsa, kada a ɗura masa komai, kada a kanga ƙafarsa a wuta. Yawanci cikin minti 1 zuwa 3 take lafawa. Idan ta wuce minti 5, ko ta sake dawowa bai farfaɗo ba, sai asibiti da gaggawa, domin gulutamet da ya yi ambaliya yana cika jijiyoyi da kalsiyam har su mutu, kuma yayin da jijjigar ke tsawaita makarɓun GABA janyewa suke yi, allurar da za ta tsayar da ita a minti na 5 ba lallai ta yi aiki a minti na 30 ba.

Akwai wata ɗabi'a ta ƙwaƙwalwa da ya kamata kowane gida ya sani, domin ita ce ke bayan rabin abin da za mu faɗa daga nan. Ƙwaƙwalwa ba ta yarda a tura ta gefe ɗaya ta zauna. Idan kullum ana taka mata birki da magani, sai ta rage ƙarfin nata birkin ta ƙara totur don ta daidaita. Finobabiton da ake ba masu farfaɗiya, baliyam, Rohypnol da giya, dukkansu ƙarfin GABA suke ƙarawa. Bayan makonni ana sha, ranar da aka yanke farat ɗaya, sai a wayi gari da birki mai rauni da totur a danne. Sakamakon shi ne rashin barci, karkarwa, firgita, sannan jijjiga, ko da mutum bai taɓa farfaɗiya ba a rayuwarsa. Ga mashayin giya na kullum, karkarwa kan fara awa 6 zuwa 24 bayan kurɓar ƙarshe, jijjiga a kwana biyun farko, ruɗewa mai haɗari a kwana na 2 zuwa na 4. Don haka kulle yaro a ɗaki ko ɗaure shi da mari don a raba shi da baliyam na iya zama ajalinsa. Sannu a hankali ake ragewa, kaɗan-kaɗan duk mako ɗaya ko biyu, a hannun likita.

Haka mai farfaɗiya da ya ga ya yi wata uku bai faɗi ba ya ce ya warke. Ba a maganar dainawa sai an yi aƙalla shekara 2 ba faɗuwa, shi ma a watanni ake janyewa. Kafin azumi ya kama, a je a tambayi likita ko za a iya mayar da shan maganin sahur da buɗa-baki. Macen da ke shan maganin farfaɗiya balfurowet kuma tana sa ran ɗaukar ciki ta nemi a sauya mata tun kafin cikin ya shiga, domin kusan jariri 1 cikin 10 da aka yi cikinsa a kan wannan magani yakan zo da tawaya; amma kada ta ajiye shi da kanta.

Sai tiramol, wanda muke ganin an fi jahiltarsa. Ƙwaƙwalwa tana da nata masu kashe zafi, su endofin, da makarɓunsu. Kodin da tiramol waɗannan makarɓu suke hawa, bayan hanta ta juya su. Kodin sai hanta ta mayar da wani ɓangarensa mofin kafin ya yi aiki, kuma hantar mutane ba ɗaya ba ce: akwai masu juyawa da sauri ƙwarai, har a Habasha an sami kusan mutum 3 cikin 10 haka suke. Shi ya sa abokai biyu za su raba kwalba ɗaya, ɗaya ya tashi, ɗaya ya zarce. Makarɓun nan suna nan har a gindin ƙwaƙwalwa, wurin da ke lura da numfashi. Idan aka cika su, sai wurin ya daina jin kiran jiki na a ja iska. Lafiyayyen babba na numfashi sau 12 zuwa 20 a minti. Wanda ya sha ya kwanta yana wani irin minshari, aka ƙirga aka ga bai kai 10 ba, ido ya tsuke, leɓe ya sauya launi, an girgiza shi bai farka ba, ba barci yake yi ba. Kada a ce a bar shi ya huce zuwa safe.

Tiramol ya ɗara kodin da abu guda: bayan hawa makarɓun endofin, yana kuma hana jijiya zuƙe wasu 'yan aike biyu, serotonin da noradirenalin, daga giɓi. Wannan ne ke ba ɗan ga-ruwa ko mai aikin gona jin ƙarfi da rashin gajiya, kuma yana cikin abin da ke jawo jijjiga. Iyakar da likitanci ya yarda da ita ga babba ita ce miligiram 400 a yini, a rarrabe. Wanda aka amince a sayar a Nijeriya mai 50 ne da mai 100. Na bayan fage kuwa akwai mai 200, da 225, da 250. Ƙwaya biyu ta mai 225 a tashi ɗaya ta riga ta haure iyakar yini guda. Idan aka haɗa shi da maganin damuwa irin su amitiriftilin ko fuluwoksetin, serotonin na iya yin ambaliya: zazzaɓi, gumi, zawo, ƙafa na fizga da kanta, ruɗewa. Idan kuma da baliyam ko giya aka haɗa, an taka wa numfashi birki biyu ke nan.

Makarin wannan dangi shi ne naloksun, wanda ke ture su daga kan makarɓa. Akan fara da miligiram 0.4, a maimaita duk minti 2 zuwa 3 har numfashi ya dawo. Amma ƙarfinsa minti 30 zuwa 90 ne kawai, tiramol kuwa sai ya yi kimanin awa 6 kafin rabinsa ya bar jini. Mutum zai farka ya ce shi gida zai tafi, bayan awa ɗaya ya koma inda ya fito. A riƙe shi. Naloksun kuma ba ya taɓa ɓangaren serotonin, don haka ba ya hana jijjiga.

Gwamnatin Tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, kuma binciken da aka gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a wannan tsakani ya nuna 'yan Nijeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da ta gabace shi. Hani da kame suna da muhallinsu. Sai dai ƙwaƙwalwar da ta riga ta sauya saitinta ba ta san an kafa doka ba. Wanda ya daina tiramol, cikin yini ɗaya noradirenalin da aka daɗe ana dannewa zai yunƙuro: hamma, majina, hawaye, tsikar jiki na tashi, ciwon gaɓoɓi, murɗar ciki, zawo. Ya fi tsanani a kwana na 2 da na 3, ya lafa cikin mako ɗaya zuwa kwana 10. Lokacin da ya fi haɗari kuwa bayan nan ne. Wanda ya fito daga gidan yari ko gidan gyaran hali bayan wata biyu, jikinsa ya manta da sabon da ya yi. Idan ya koma ya sha adadin da yake sha a da, shi ne zai ɗauke masa numfashi. Wannan magana ya kamata a gaya wa duk wanda za a sallama, a gaban iyayensa, ba tare da jin nauyi ba.

Abin da ke mayar da shi ga ƙwayar kuwa wani ɗan aike ne, dofamin. Ana yawan kiransa sinadarin jin daɗi, amma ainihin aikinsa shi ne yi wa abu alama cewa wannan a sake nemansa. Abinci da nasara kan ɗaga shi daidai gwargwado, ƙwaya kuma ta ɗaga shi fiye da kima, har lungun da ake sha, da abokan, da ƙarar ɓare sacet su zama masu tada sha'awa da kansu. Shi ya sa sauya wa yaro unguwa da abokai da ba shi sana'a ɓangare ne na magani. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri duk suna karɓar masu wannan matsala.

Dofamin na da wani aikin a daidaita motsi, kuma a nan akwai abin da muke so iyaye mata su riƙe. Maganin amai metokulofuramaid, da magungunan taɓin hankali irin su haloferidol da kulofuromazin, makarɓar dofamin suke toshewa. A wasu mutane, musamman yara da matasa, awoyi ko kwana ɗaya zuwa biyu bayan an sha sai wuya ya murɗe gefe, ido ya kafe sama, harshe ya zazzago, muƙamuƙi ya ɗaure, alhali yaron yana ji yana gani. Gida ya ɗauka aljanu ne ko sanƙarau. Allura ɗaya ta maganin da ke toshe makarɓar asetilkolin kan warware shi cikin mintuna. Tambayar da ke buɗe bakin zaren ita ce: me aka ba shi jiya? A tsofaffi kuwa mutuwar jijiyoyin dofamin ce ke kawo cutar Fakinsin, hannu na rawa yana ajiye, tafiya ta koma ja da ƙafa, fuska ta daskare. Dofamin ba ya ratsa shingen ƙwaƙwalwa, sai a ba da lebodofa, wanda ke shiga ya rikiɗe a ciki. A sha shi kamar minti 30 kafin abinci, domin nama da wake da ƙwai na gogayya da shi a hanji su rage abin da ke shiga.

Game da serotonin, magana biyu kawai. Kusan kashi 90 cikin 100 nasa a hanji yake, shi ya sa magungunan damuwa kan fara da tashin zuciya a makon farko, amfaninsu kuma sai bayan mako 2 zuwa 4 yake bayyana. Da yawa a tsakanin nan suke jefar da su. Kuma duk wanda ya ce zai auna maka serotonin ko dofamin na ƙwaƙwalwa da gwajin jini ko wata na'urar da ake dafawa da tafin hannu, don ya sayar maka da ƙarin abinci, kuɗinka yake so. Abin da ke jini ba ya nuna abin da ke giɓin jijiya.

Ranka ya daɗe, buƙatarmu ga hukumomin lafiya na jihohi ba mai tsada ba ce. Atirofin, naloksun da allurar diyazefam (wato baliyam, mai tsayar da jijjiga) duk suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma mintuna ne ke raba rai da mutuwa a wuraren da ake buƙatarsu. A tabbatar suna nan a kowane asibitin karkara, musamman da damina lokacin feshi da kuma kaka lokacin adana wake, tare da jakar hura iska ta hannu da takardar da ke nuna yadda ake ninka atirofin manne a bango. A kuma tabbatar magungunan farfaɗiya, finobabiton da kabamazefin, ba sa yankewa a kantin asibiti, domin mai farfaɗiyar da ya zo karɓar na wata aka ce masa babu, an yanke masa magani farat ɗaya ke nan ba da zaɓinsa ba. Ga wakilanka kuma, idan za su rubuta labarin wanda ya sha guba ko ƙwaya, su ƙara layi biyu a ƙasa: kada a ɗura komai, a kwantar da shi a gefe, a ƙirga numfashi, a tafi da kwalbar.

Mun gode da wannan fili. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wassalam.

Daga wasu likitoci da masana haɗa magunguna, Kano.